Ranar da Tafinta Ya Tsere wa Mai Harshe

A watan Yunin 2025 mujallar fasaha ta Ars Technica ta yi wani gwaji mai sauƙin fahimta. An ɗauki na'ura guda, Lenovo Legion Go S, ɗaya daga cikin ƙananan kwamfutocin wasa da ake riƙewa da hannu biyu kamar faranti, aka gwada wasanni biyar a kanta da babbar manhajar SteamOS ta kamfanin Valve, sannan aka ɗora mata Windows 11 aka maimaita. Ƙwaƙwalwar na'urar ba ta canza ba, batirin shi ne dai na ɗazu, allon ma haka. A wasanni huɗu cikin biyar SteamOS ta fi fitar da hotuna masu yawa a kowace daƙiƙa, wanda shi ne ma'aunin santsin wasa. A wasan Returnal tazarar ta kusa kai ninki biyu. Borderlands 3 ne kaɗai aka tashi kusan kunnen doki.

Abin kunyar yana cikin asalin wasannin. Dukkansu domin Windows aka rubuta su. Kafin SteamOS ta iya gudanar da wasa irin wannan sai ta bi da shi ta hannun wata manhaja mai suna Proton, wadda aikinta fassara ne: wasan ya yi magana da harshen Windows, ita kuma ta juya maganar nan take zuwa harshen Linux. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ko a asibiti inda ake buƙatar tafinta ya san magana kan yi tsawo idan ta ratsa bakin mutum na uku. A nan sai ga tafinta ya riga mai harshe isar da saƙo. Kamfanin da ya shafe shekara talatin yana mulkin wasannin kwamfuta an kayar da shi da wasanninsa, a kan na'urar da aka fara sayarwa da manhajarsa.

Duk da haka, yawancin kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori, Asus da MSI da ita kanta Lenovo a wasu samfuranta, Windows suke ɗora wa mai saye, su caje shi kuɗin lasisinta a cikin farashi, su bar shi da ɗawainiyarta. Wannan zalunci ne ga mai saye, kuma hujjojin da ake kare shi da su sun fi raunin yadda ake zato.

Sai an koma baya kaɗan za a gane girman abin da ya faru. Gabe Newell, shugaban Valve, tsohon ma'aikacin Microsoft ne. Ya bar can ya kafa kamfaninsa a 1996. A 2012, da Windows 8 ta tunkaro da kantin sayar da manhajoji nata na kanta, Newell ya fito fili ya kira ta bala'i, domin ya hango ranar da Microsoft zai iya toshe wa kasuwarsa ta Steam hanya. Daga nan Valve ya shiga neman mafita a Linux. Yunƙurin farko, na'urorin Steam Machine na 2015, faɗuwa ya yi warwas. Wasannin da aka rubuta domin Linux kaɗan ne, kuma a gwajin da ita wannan mujalla ta Ars Technica ta yi a shekarar, Windows 10 ce ta yi wa SteamOS fintinkau. Wani kamfanin da sai ya tattara kayansa. Valve ya sauya dabara: ya daina roƙon masu ƙirƙirar wasanni su koyi sabon harshe, ya ɗauki nauyin horar da tafinta. Ya zuba kuɗi a kan Wine, tsohon aikin sa-kai da aka fara tun 1993, ya haɗa kai da kamfanin CodeWeavers, ya ɗauki nauyin Philip Rebohle mai manhajar DXVK da ke juya umarnan zane na DirectX zuwa na Vulkan. A watan Agustan 2018 aka fitar da Proton. A watan Fabrairun 2022 Steam Deck ta shigo kasuwa a kan dala 399. Shekara goma ke tsakanin gwajin 2015 da na 2025, kuma a cikinsu ɓangare ɗaya ne ya yi ta aiki a kan wannan matsala.

Me ya sa fassara ba ta jawo jinkiri ba? Amsar tana cikin lissafin wuta. Kwamfutar wasa ta tebur tana iya shan wat 400 ko fiye, kuma a bango take jone. Idan babbar manhaja ta ɗebi wat biyu ko uku tana hidimominta na bayan fage, babu mai lura, kamar a ɗebi moɗa guda daga kogi. Ƙwaƙwalwar Steam Deck kuwa iyakarta wat 15. Asus ROG Ally ta 2023 tana kai wat 25 a kan batir, 30 idan an jona caja. A cikin wannan ɗan kaso ake ciyar da sashen lissafi da sashen zane, waɗanda a guntu ɗaya suke zaune, suna kuma raba ma'ajiyar wucin gadi guda, galibi gigabayit 16. Duk abin da babbar manhaja ta ci, daga akushin wasan ta ɗebo shi. Windows kuwa baƙuwa ce mai yawan 'yan rakiya: mai binciken ƙwayar cuta, mai jera sunayen fayiloli domin bincike, mai leƙa ko an fitar da sabuntawa, mai aika rahoton amfani zuwa gida, mai daidaita fayiloli da OneDrive, ga allon labarai da yanayi. A kan wannan sai kamfanin da ya ƙera na'urar ya ɗora tasa manhajar, Armoury Crate ko Legion Space, domin rufe asirin cewa Windows ba ta san yadda ake sarrafa ta da maɓallan wasa ba. Kowanne da nasa cokali.

Lissafin batir ya fi fito da abin fili. Batirin Steam Deck na farko da na ROG Ally na farko duk wat 40 na awa guda suke ɗauka. A ɗauka ƙaramin wasa ne, na'urar gaba ɗaya tana shan wat 7: batirin zai kai kusan awa biyar da minti arba'in. A ƙara wat biyu kacal na hidimar bayan fage, sai ya sauko ƙasa da awa huɗu da rabi. An yi asarar fiye da awa guda ba tare da wasan ya ƙara kyau ko ɗigo ba. Maganin da Asus ya kawo a ROG Ally X ta 2024 shi ne ninka batirin zuwa 80. Magani ne, amma irin na mai randa mai yoyo da ya je ya sayo babbar randa.

Sai batun direba, wato manhajar da ke tsakanin wasa da sashen zane. Nan ne masu kare Windows suka fi samun abin kamawa. A gwajin da aka ambata, direbobin da Lenovo ya bayar domin Windows tsofaffi ne, har wasan Doom: The Dark Ages ya ƙi tashi da su. Da masu gwajin suka ɗora sababbi da aka yi domin na'urar Asus, tazarar ta ragu sosai, ko da yake SteamOS ta ci gaba da rinjaye a yawancin wasannin. Don haka, in ji masu karewa, laifin na Lenovo ne, Windows ba ta da hannu.

Wannan uzuri tuhuma ce da kanta. Mutumin da ya sayi na'ura ba ruwansa da wane ofishi ne ya yi sakaci. Shi dai ya biya kuɗi an ba shi abin da ke cin tuwo da rabin baki. A tsarin Windows, AMD ke rubuta direba, kamfanin na'ura ya karɓa ya gyara ya fitar lokacin da ya ga dama, Microsoft kuma yana can yana tura nasa sabuntawar da kan iya taka na kowa. Masu gida uku, babu mai ɗaukar alhaki. A SteamOS, Valve na biyan injiniyoyin da ke aiki a kan direban RADV na tarin Mesa, shi ke haɗa direban da Proton da sauran sassan, ya gwada, ya tura su dunƙule guda. Idan sabuntawa ta lalace, tsohuwar tana nan ajiye a wani sashe na daban, ana iya komawa kanta. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya karɓi ɗaruruwan daloli domin na'urar wasa bai kamata ya tura mai saye shafin abokin hamayyarsa neman direba ba.

Akwai wata fa'idar da ma'aunin matsakaicin hotuna ba ya nunawa. Wasannin zamani suna ɗauke da dubban ƙananan umarnai masu fayyace haske da inuwa da ƙyallin ruwa, waɗanda dole a juya su zuwa harshen sashen zane kafin su yi aiki. Idan ana tsakiyar wasa aka yi juyin, sai hoto ya daskare na ɗan ƙiftawar ido, ya saki, ya sake daskarewa. Da yake Valve ya san ainihin kayan cikin Steam Deck, yakan juya waɗannan umarnai tun da wuri ya turo su a shirye. A lokacin da Elden Ring ya fito, a watan Fabrairun 2022, masu manyan kwamfutocin Windows sun yi ta kuka da tsinkewar hoto, injiniyoyin Valve kuwa suka sa gyara a cikin Proton wanda ya rage matsalar a kan ƙaramar na'urarsu. Tafinta mai hankali yakan gyara tuntuɓen harshen mai magana. Sai dai wannan alheri da kuɗinsa: shiryayyun umarnan ta intanet ake sauke su, a kai a kai, kuma wanda ke sayen data da awo a Kano ko Yamai zai ji a jikinsa.

Mafi girman bambancin ma ba a auna shi da lamba. Na'urar hannu ta zaman jira ce: filin jirgi, bayan mota a hanyar Kaduna zuwa Abuja, minti ashirin kafin a shiga taro. A SteamOS mutum ya danna maɓallin wuta ana tsakiyar wasa, na'urar ta yi barci. Ya dawo bayan awanni ya danna, cikin daƙiƙu kaɗan yana inda ya tsaya. Barcin Windows kuwa irin na zomo ne, ido biyu. Tsarin da ake kira Modern Standby an yi shi ne domin na'ura ta riƙa leƙa intanet tana kwance, kuma shekara da shekaru masu kwamfutar tafi-da-gidanka ke ciro ta daga jaka da zafi, batir ya ƙare. An kwaso wannan ciwo an zuba shi a na'urar da dukan amfaninta ya rataya a kan ajiyewa da ɗauka. Haka nan ranar farko: sabuwar na'urar Windows 11 sai ta nemi intanet da asusun Microsoft, ta yi tallan Microsoft 365, ta sa mutum cakar ƙananan akwatuna da ɗan yatsa a allon inci bakwai, akwatunan da aka zana domin linzamin kwamfuta.

Zafi ma yana cikin lissafi, musamman ga mai zaune a Sahel. A watan Yulin 2022 Valve ya sanar cewa Steam Deck ta fi aiki daidai idan zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, kuma idan ƙwaƙwalwarta ta kai 100 takan rage gudu domin kare kanta. A Sakkwato ko Maiduguri watan Afrilu kan haura 40 a inuwa. Kowane wat da aka ƙona a banza zafi yake zama, fanka ta ƙara kuka, gudu ya ragu.

Yanzu ga hujjar da ta fi kowace nauyi, kuma wajibi ne a ba ta haƙƙinta. Akwai wasannin da ba sa tashi a SteamOS ko kaɗan, kuma manya ne: Fortnite, Valorant, sababbin Call of Duty, Destiny 2, da EA Sports FC, magajin FIFA, wanda ga ɗimbin matasan Arewa shi ne ma'anar wasan bidiyo gaba ɗaya. Wasannin Game Pass na kwamfuta ma ba sa sauka a kanta, sai dai a buga su ta intanet daga nesa. Wanda burinsa ya doke abokinsa da Real Madrid ba shi da abin yi da labarin wat da batir. Ya sayi mai Windows, ya huta. Babu mai gaskiyar da zai ce masa akasin haka.

Amma a duba dalilin rashin tashin. Proton ba ta gaza fassara waɗannan wasanni ba. Ƙofa aka rufe mata. Suna amfani da manhajojin hana maguɗi, waɗanda da yawansu kan kutsa har cikin zuciyar babbar manhaja domin sa ido a kan duk abin da ke gudana. Biyu daga cikin manyansu, Easy Anti-Cheat da BattlEye, sun amince da Proton tun 2021, ya rage ga mai wasa ya kunna. Easy Anti-Cheat mallakar Epic ce, kamfanin da ke da Fortnite, amma shugabansa Tim Sweeney ya ce a 2022 ba za su buɗe wa Steam Deck ba, domin ba su da tabbacin shawo kan maguɗi a tsarin da kowa ke iya sauya zuciyarsa. Apex Legends ya yi fiye da shekara biyu yana gudana lafiya a Steam Deck kafin EA ya rufe ƙofar a ƙarshen Oktoban 2024. GTA Online ma ya daina a watan Satumban shekarar, da aka sa masa BattlEye. Damuwar maguɗi gaskiya ce, ba a ƙirƙire ta ba. Sai dai ita shawara ce ta kamfanonin wasanni, ba wata bajinta da injiniyoyin Windows suka yi a kan na'urar hannu ba. Wanda ya ce Windows ta fi domin tana buɗe Fortnite, kamar mai yabon tsohuwar mota ne domin ita kaɗai mai gadi ya sani yake buɗe wa ƙofa. Kuma wanda ya tuna ranar 19 ga Yulin 2024, da sabuntawa guda ta kamfanin CrowdStrike, mai zama a zuciyar Windows, ta durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan takwas da rabi har jirage suka kasa tashi, zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki irin wannan kutse a matsayin abin alfahari.

Shaida mafi ƙarfi a kan Windows daga bakin Microsoft ta fito. Tun a 2022 kamfanin ya wallafa bayanin yadda mai wasa zai kashe wasu matakan tsaro na Windows 11 domin samun ƙarin gudu, wato ya zaɓa tsakanin kariya da santsi. A watan Yunin 2025 kuma ya sanar da ROG Xbox Ally tare da Asus, wadda ta fito ranar 16 ga Oktoba, babbar a kan dala 999.99. Babban abin tallarta wani yanayi ne da ke buɗe na'urar kai tsaye cikin shafin wasanni, ba tare da ɗora teburin Windows da tarkacensa ba, kuma kamfanin da kansa ya ce hakan na 'yantar da kimanin gigabayit 2. A na'ura mai 16, kashi ɗaya cikin takwas ke nan. Ma'ana, duk wanda ya sayi na'urar hannu mai Windows daga 2023 ya yi shekara biyu yana ciyar da baƙin da ba su da aikin yi a gidansa, ana ce masa komai lafiya. A watan Agusta kamfanin ya sanar da nasa tsarin turo shiryayyun umarnan zane, abin da Valve ya daɗe yana yi. Gyara abu ne mai kyau, kuma ya cancanci maraba. Amma ba kukan masu saye ne ya kawo shi ba. Sun yi kukan tun farko. Sai da Lenovo ya fitar da na'ura ɗaya da manhaja biyu, kowa ya iya ajiye su gefe da gefe, sannan aka motsa.

Masu sharhin na'urori ma suna da nasu kason laifi. Da yawa sukan jona na'urar a caja, su murɗa ta zuwa wat 30, su karanto lamba mafi girma, su ce ga zakara. Na'urar hannu da ke jone a bango ƙaramar kwamfutar tebur ce mai tsada. Ma'aunin da ya dace shi ne hotuna nawa ake samu a kowane wat, minti nawa batir ke kaiwa, sau nawa hoto ke tsinkewa, da kuma ko na'urar za ta farka idan an tashe ta. Valve ya gane haka da wuri: a 2022 ya ba masu Steam Deck damar saita allon a kan hoto 40 a daƙiƙa. A ido 40 ta fi kusa da 30, amma a lokacin da kowane hoto ke ɗauka, kashi 25 cikin dubu na daƙiƙa, tsakiyar 30 da 60 take cif. Rabin santsin da ake nema, da ɗan ƙarin wuta kaɗan. Irin wannan tunani sai wanda ya zauna da na'urar a hannu har batir ya mutu.

Kada a ɗauka Valve waliyyi ne. Yana raba SteamOS kyauta domin tana buɗewa ne kai tsaye cikin kantinsa, inda yake karɓar kashi 30 cikin 100 na yawancin ciniki. Wasannin da aka saya a Epic ko GOG suna gudana, amma sai an bi ta bayan gida da wasu manhajojin sa-kai. Nasarar da ake magana a kai ma ta na'urori masu ƙwaƙwalwar AMD ce, inda aka fi zuba aikin. Kuma a ƙarshen 2025 Linux kimanin kashi 3 cikin 100 ne na masu amfani da Steam. Bambancin shi ne, mafi yawan aikin da Valve ya biya a buɗe yake: Proton, DXVK, direbobin Mesa, kowa na iya ɗauka. Shi ya sa 'yan sa-kai suka iya gina Bazzite a kan Fedora, wadda masu ROG Ally da Legion Go ke ɗorawa su sami irin abin da masu Steam Deck ke samu. Idan gobe Valve ya sauya hali, tafintan ba zai tafi da shi ba.

Ga mai saye a Najeriya ko Nijar lamarin ya fi tsanani, domin Valve ba ya sayar da Steam Deck a Afirka kai tsaye. Ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ko Amurka take zuwa, ko ɗan kasuwa mai shigo da kaya, da kuɗin da aka canza a farashin dala na ranar, ba tare da wurin mayarwa ba idan ta ƙi. Irin wannan mutum ba ya sayen biyu ya gwada. Abin da yake buƙata kamfanonin su yi ba shi da wuya, kuma Lenovo ya riga ya nuna yana yiwuwa: na'ura ɗaya, a tambayi mai saye wace manhaja yake so, a cire kuɗin lasisi idan bai zaɓi Windows ba. Mai EA Sports FC ya ɗauki tasa, mai Elden Ring ya ɗauki tasa. Tun watan Mayun 2025, da SteamOS 3.7 ta fito, Valve ya buɗe hanyar ɗora ta a kan wasu na'urorin AMD da ba nasa ba, har da ROG Ally. Asus bai sa wannan zaɓi a kwali ba. Wanda yake so sai ya nemi filashi, ya sauke manhajar da datarsa, ya goge Windows ɗin da ya riga ya biya kuɗinta.